Ba A Gayyata Sau Biyu

Shafi na 14

Masu cewa na rataye ku na yi tafiyata, ku yi haƙuri, gwiwar nan tawa ce ta tashi. Ke kuma da kika rubuto cewa girman kai ne ke damun Isidora, karanta na yau tukuna, in kin gama ki dawo mu yi ta.

*

Ina tsaye ina yanka kabeji aka buga min ƙofa, irin bugun da ba ya jiran a ce wane ne.

Isidora ce, maƙwabciyata da ƙofarta ke kallon tawa, riƙe da hannun 'yarta Lenka. Idonta ya yi ja, ko maɓallin rigar sanyinta ba ta sa daidai ba.

"Maƙwabciya, ɗora kofi, in ba haka ba zan fasa wani abu."

"Ki fasa a ɗakinki. Kofunan nan sun girme ki."

Ba ta yi dariya ba. Nan na san yau ba lafiya.

Lenka ta ɗago ta kalle ni za ta gaishe ni.

"I... I... Inna Ra..."

Kalmar ta tsaya mata a wuya. Ta runtse ido, ta buga ƙafa a ƙasa. Na ajiye wuƙa na jira, don na koyi cewa ba a ƙarasa mata.

"...Rada."

"Yauwa 'yar gidana. Shiga falo, kyanwa na kan kujera tana jiranki."

Ga waɗanda suka shigo mana kwanan nan: Lenka shekararta shida, tana i'ina, kuma a watan Satumba za ta shiga makaranta. Kafin nan akwai gwajin da ake yi wa yara, wanda in yaro ya kasa buɗe baki sai a rubuta abin da aka ga dama a kansa. A Belgrade tana da likitar magana da ta fara warware mata harshe. Sai ubanta Slavko ya samu aiki a masana'antar wayoyin mota da ke garinmu, ya kwaso su, da alƙawarin shekara ɗaya tak su koma gidansu na can. Yanzu ana cikin ta biyu.

Isidora ta zauna ba ta cire jaka daga kafaɗa ba.

"Sun cire ta."

"Wa ya cire wa?"

"Danica, likitar maganar nan garin. Ta ce babu wuri."

"Wurin da kuke zuwa tun bara?"

"Shi. Tun ƙarshen Janairu take min yawo da hankali. Yau ba ta jin daɗi, gobe ta tafi taro. Ɗazu na tsaya a bakin ofishinta har ta fito. Ko kallon yarinyar ba ta yi ba, Inna Rada. Yarinyar da ke zana mata fure."

"Ba ta ganin yara a gida da yamma?"

"Na roƙe ta. Ta ce yammarta ta cika."

"Garin gaba fa?"

"Bas biyu a rana. Na safe ya tashi kafin gari ya waye, na yamma ya isa an rufe. Mota kuma tana hannun Slavko."

Na juya kofin a kan wuta.

A garin nan aka haife ni, a nan za a binne ni, don haka ba wanda zai hana ni faɗa. Garinmu ba ƙauye ba ne da za a tausaya maka a kawo maka ƙwai, ba kuma birni ba ne da za ka ɓace a cikin jama'a. Komai muna da shi, amma guda ɗaya. Masana'anta ɗaya, silima ɗaya, likitar magana ɗaya. In ɗayan nan ya juya maka baya, to ka gama yawo. Masu zuwa daga Belgrade suna ganin hayar gida da araha da bishiyoyin bakin kogi, su ce sun samu aljanna. Ba wanda ke gaya musu wannan.

"Kuma ba ita kaɗai ba ce," Isidora ta ci gaba. "Mai burodi ta daina amsa gaisuwata. Kantin maganin da suka ce in fara aiki a watan Maris, yanzu in na kira sai a ce mai shi ya fita. Iyayen yara in na iso sai hira ta mutu. Me na yi wa mutanen garin nan? Ɗan wa na kashe?"

Na zuba mata kofi, na zuba nawa, na zauna. Na daɗe ina riƙe da maganar nan, na ga yau ranarta ce.

"To ke ma, 'yar nan, me ya hana ki zuwa bikin slava na gidan Milutin?"

Ta kalle ni kamar na yi wani yare.

"Slava kuma? Ai ba su gayyace mu ba."

Cokali ya kuɓuce min.

"Me kika ce?"

"Ba su kira ba. Ko saƙo. Na ce ƙila bana 'yan'uwa kawai suke so."

"Tsaya. Bara kun je?"

"Mun je. Har aka zaunar da mu kusa da kyandir."

"Kin ci dafaffiyar alkama a bakin ƙofa?"

"Na ci."

"Kin ci burodin da aka yanka?"

"Na ci mana. Inna Rada, mene ne?"

"Wayyo ni Rada. Yarinya, slava sau ɗaya ake gayyata! Ranar waliyyin gida ba bikin ranar haihuwa ba ce da za a turo miki kati. In mutum ya kira ki sau ɗaya, ya kira ki har ki mutu, har 'ya'yanki. Ranar ta zo, ki sa kayanki ki tafi. In ba ki je ba, kin ce masa ne kin yanke."

Ta ajiye kofin a hankali.

"Ban sani ba."

"A wane gida kika tashi?"

"Babana soja ne na zamanin kwaminisanci, ba ruwansa da coci. Ban taɓa ganin kyandir a gidanmu ba sai in an ɗauke wuta. A Belgrade kuma ƙawayena saƙo suke turowa duk shekara."

Rashin sani ya fi dare duhu. Kuma ku tuna wane ne Milutin. Aminin marigayi baban Slavko ne, shi ya yi magana aka ɗauki Slavko aiki, mijin 'yarsa ne manajan masana'antar. Danica likitar magana kuwa matar ɗansa ce. A garinmu in ka taka ƙafar mutum ɗaya, dangi goma ne ke ɗingishi.

Isidora ta ɗago da sauri.

"To ai Slavko ya san wannan. Shi a gidan slava ya tashi."

"Ya sani mana."

"Shi ya ce min ba a gayyace mu ba. Ya ce in bar su. Ranar ma aiki ya tafi, sun ƙara masa awoyi."

Na ji kofin ya yi min ɗaci a baki.

"Aiki?"

"Aiki."

"Isidora, ina can ranar. Stana matar Milutin 'yar kawun marigayi mijina ce, shekara talatin ban fasa ba. Mijinki na zaune a hannun daman Milutin, da farar riga, yana cin sarma, naman nan da muke naɗewa a ganyen kabeji."

"Ba shi ba ne."

"Idona bai mutu ba tukuna, gwiwa ce kawai."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"Ba wanda ya tambaye ni?"

Nan ne na so in haɗiye harshena. Amma an riga an fara.

"Stana ta tambaya. Ta ce, ina surukar tamu? Ya ce ba ki da lafiya, kina kwance."

"Sai me?"

"Sai Stana ta ce, ikon Allah, ai da safen nan na gan ta a kasuwa tana cinikin albasa, ƙalau da ita. Wata kuma ta ce ita ma ta gan ki a gidan waya. Kin san garin nan, ko ƙarya ba ta samun wurin ɓuya."

"Inna Rada, me ya ce?"

"Ya yi ja, ya yi dariya. Ya ce..."

"Faɗi."

"Ya ce, kun san 'yan Belgrade. Ta ce ita ba ta da lokacin bikin 'yan ƙauye, warin kabeji na hawar mata kai."

Ba ta motsa ba.

"Danica na tsaye a bayansa da tiren alkama," na ce. "Ita ta kwana biyu tana naɗe sarmar nan."

"Kuma kin yarda na faɗa?"

"Mijinki ne ya faɗa a gaban kyandir. Wa zai ce ƙarya ne? Na ji haushinki, ba zan ɓoye ba, amma na ce maƙwabci ba a zaɓarsa."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a lokacin ba. Watanni tana yawo a garin nan tana wa mutane murmushi, su kuma suna kallonta da maganar da ba ta san ta yi ba.

Sai ga takun ƙafa a matakala, da ƙarar makullai. An tashi daga aikin safe.

Kafin in hana ta ta buɗe ƙofata.

"Slavko. Nan."

Ya leƙo da murmushinsa, da ledar burodi a hannu.

"Inna Rada, barka da rana. Ana shan kofi ba ni?"

"Shigo ɗan nan, naka ya daɗe da dahuwa."

Ya kalli fuskata, ya kalli ta matarsa. Murmushin ya tafi.

"Lafiya? Ina Lenka?"

"Tana falo. Rufe ƙofar kicin ɗin."

Ya rufe. Isidora ta tsare shi da ido.

"Sarmar ta yi daɗi?"

"Wace sarma?"

"Ta ranar da aka ƙara maka awoyi."

Ya juyo ya kalle ni. Na kalle shi ni ma, ai ba ni na aike shi ba.

"Isi, mu je gida mu yi magana."

"A'a. A gaban mutane ka yi min, a gaban mutum za ka amsa. Yaushe na ce bikin 'yan ƙauye?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Yaushe na ce warin kabeji?"

"Sun tsare ni ne! Na ce ba ki da lafiya, suka ce sun gan ki. Kowa ya zuba min ido. Bakina ne ya kuɓuce, wallahi ban san lokacin da ta fito ba."

"An cire 'yarka daga wajen Danica yau."

Ya yi tsaye da ledar burodin kamar an dasa shi.

"An cire ta?"

"Saboda bakinka da ya kuɓuce. Yarinyar da ta fara kiran sunanta ba tare da ta buga ƙafa ba. Ka ji ta kwanan nan? Ka zauna ka ji yadda ta koma?"

"Zan gyara."

"Me ya sa ba ka tafi da ni ba?"

Ya kawar da kai.

"Tambayarka nake. Me ke gidan Milutin da ba ka so in gani? Mace ce?"

"Haba Isi!"

"To mene ne?"

Ni ma nan na kasa kunne, don ranar da wuri na tafi saboda gwiwa, kafin maza su fara ɗaga kofunan barasarmu rakiya suna jawabi.

Slavko ya ja kujera ya zauna. Ya ajiye burodin a kan kabejina.

"Kawu Milutin ya ce zai sanar a teburin. Ba na so ki ji a bakin wani."

"In ji me?"

"Gidajen nan da yake ginawa a bayan layin dogo."

"Eh?"

"Na karɓi ɗaya."

"Haya?"

"Saya."

"Da me? Da wane abu, Slavko? Mu da ko..."

Ta tsaya. Na ga lokacin da ta gane.

"A'a."

"Isi, saurare ni."

"Ka ce min 'yan haya ne a ciki."

"Da su ne. Su suka saya, kafin Kirsimeti."

"Gidanmu na Belgrade?"

"Gidan mamata ne, ni na gada, sunana ne a kai."

"A ɗakin nan Lenka ta fara tafiya! Tsawonta na jikin ƙofar kicin da biro!"

"Ɗaki ɗaya da rabi ne a hawa na tara! Kin manta? Kin manta ina fita tana barci in dawo tana barci? A can ni wane ne? A nan ina da mutane a ƙarƙashina, in na bi titi ana gaishe ni da sunan ubana. Gidan nan da fili ne, Isi. Lenka za ta samu lambu."

"Lambu. Da wa za ta yi magana a lambun, da tumatir?"

"Na so sai an sa rufi in kai ki ki gani."

"Ko rufi babu?"

"Da bazara za a sa."

Na kasa haƙuri.

"Kai ɗan nan, ka sayar da gida mai rufi ka sayi sararin sama, sannan ka biya da sunan matarka?"

"Inna Rada, don Allah wannan maganar gida ce."

"A gidana kake yin ta, a kan kabejina."

Isidora ta miƙe.

"Akwai bas ɗin yamma. Zan ɗauki Lenka mu tafi."

"Ku tafi ina?" ya ce, a hankali.

Ba inda za ta. Uwarta ta rasu. Ubanta na ɗaki ɗaya da keken guragu da mai kula da shi. Likitar Lenka ta can kuwa tuni ta ba wani yaro wurin, kuma kowa ya san layin Belgrade, kafin ya zo kanka Satumba ta wuce. Gaba kura, baya sayaki.

Ta koma ta zauna. Wannan zaman ya fi min kukanta ciwo.

Slavko ya matso.

"Akwai hanya. Kawu Milutin ya taɓa min maganar tun kwanaki, na rasa yadda zan gaya miki. Ya ce abu ne mai sauƙi. Ki je wajen Inna Stana ki ba da haƙuri, ki gaishe da Danica. Shi ke nan, a wuce wurin. Za ta mayar da Lenka."

"In ba da haƙurin me?"

Ya sunkuyar da kai.

"Maganar."

"Wadda ban yi ba."

"Ki ce ɓacin rai ne. Ki ce kewar gida ce."

"In kuma na ce musu ƙarya ka yi?"

Ya kama hannunta da hannu biyu. Namiji babba, yana roƙo.

"Isi, na roƙe ki. Na yi ƙarya a teburin mutumin, ranar waliyyinsa, kyandir na ci. Ba zai yafe ba. Manaja surukinsa ne. Takardun gidan ba su fito da sunana ba tukuna. In ya juya mana baya, ba aiki, ba gida, ba can, ba nan."

Ta juyo gare ni.

"Gaskiya ne?"

Na so in ce a'a.

"Milutin ya yi shekara ashirin ba ya magana da ƙaninsa a kan abin da bai kai wannan ba."

"In na faɗi gaskiya, Danica za ta karɓi Lenka?"

"Ƙila ta karɓa don kunya. Ƙila kuma surukinta ya ce duk gidanku kar a sake ambata masa. Ban sani ba, 'yar nan. Ba zan miki ƙarya ba."

"In na ɗauki laifin?"

"Za su yafe miki a baki. Amma har ki tsufa a garin nan sunanki mai warin kabeji, 'yarki kuma 'yar mai warin kabeji."

Daga falo muka jiyo Lenka tana wa kyanwa magana. Da kyanwa ba ta i'ina ko kaɗan, zance take zubawa tiryan-tiryan. Duk mu ukun muna ji.

Isidora ta zare hannunta daga nasa. Ta miƙe, ta ɓalle maɓallan rigarta, ta mayar da su daidai, ɗaya bayan ɗaya.

"Maƙwabciya, in za a je gidan manya a garin nan, me ake riƙewa?"

"Ƙunshin kofi, da kwalbar jan giya ta maigida, da fure na uwargida. Furen ki ƙirga mara, cika ta maƙabarta ce."

"Wannan kam ko a Belgrade mun sani. Ki riƙe min Lenka."

"Yanzu za ki?"

"Yanzu."

Slavko ya sauke ajiyar zuciya, har da goge ido.

"Na gode, Isi. Na rantse miki zan..."

"Tashi."

"Na'am?"

"Tare za mu. Ka sa farar rigar nan taka."

"Ai ke kaɗai Kawu ya ce..."

"A gabanka za a yi. Kusa da ni za ka zauna, inda zan ga fuskarka."

Ya miƙe yana dafa tebur.

"Me za ki ce musu?"

Ta buɗe ƙofa.

"Isidora! Me za ki ce musu?"

Tuni ta fara sauka matakala.